Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991, amma a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, sunan kwamfuta ya fara yawo a bakin jama'a, domin a lokacin ne aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure. Yawancin kwamfutocin da suka shiga garuruwan jihar daga baya na hannu ne. Ofisoshin Turai da Amurka ne suka gama cin moriyarsu, aka sauke su a Legas, daga kasuwar Ikeja suka iso Titin Beirut a Kano. An ƙera su ne domin buga takardu da lissafi, ba domin wasa ba.

Irin wannan kwamfuta ce, ƙirar Dell OptiPlex, wani matashi ya ajiye a shagonsa a garin Jahun, cikin masarautar Dutse. Ya kammala karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, aikin koyarwa bai samu ba tukuna, don haka da rana yakan buga wa mutane takardu. Da yamma kuwa samari kan taru, su biya kuɗi kaɗan su buga wasan ƙwallon ƙafa na eFootball, wanda kafin 2021 aka sani da PES. Sai dai hoton yakan riƙa sarƙewa, ɗan wasa ya daskare da ƙwallo a ƙafarsa, har a ci mutum bai ga lokacin da aka ci shi ba. Sannu a hankali samarin suka fara janye jiki.

A kakar 2023 mahaifinsa ya ba shi kasonsa na kuɗin riɗin da suka noma. Ba shi da wani jari bayan wannan. Ya bi ta Gujungu da Ringim ya shiga Kano da niyyar sayen katin sarrafa hoto mafi girma da kuɗinsa za su kai, domin ya ji an ce shi ne ƙashin bayan wasa. Allah ya taimake shi ya tafi da akwatin kwamfutar.

Mai gyaran da ya samu, wani magidanci, bai yi gaggawar ciniki ba. Ya kwance murfin, ya nuna masa rubutun da ke jikin akwatin raba wuta, ya ce: "Ƙanena, duba nan. Ƙarfin wannan wat 240 ne kacal. Katin da kake so zai nemi fiye da rabin haka shi kaɗai, kuma ko murfi ba zai rufu a kansa ba."

"To Yaya, sai dai in sayi sabuwa ke nan?"

"A'a. Mu fara gano inda ciwon yake."

Bayanin da ya yi masa mai sauƙi ne. Kwamfuta tamkar ayarin fatake ce, tafiyarta ba ta wuce ta jakin da ya fi rauni. Akwai furosesa, wadda ke yin lissafin komai. Akwai ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, wadda take kamar tabarmar da ake baza kayan aiki a kai. In ta yi kaɗan, sai an yi ta kai da kawo zuwa rumbu. Rumbun shi ne faifan ajiya. Katin hoto kuwa shi ke zana abin da ido ke gani, kuma wasa ba ya daɗi sai ya zana hoto 30 zuwa 60 a kowace daƙiƙa.

Da shara suka fara. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe. Furosesa kuwa idan ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Bayan haka aka ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 8, da sanda biyu iri ɗaya, saboda biyu masu aiki tare sun fi guda ɗaya sauri. Aka sa SSD a madadin faifai mai juyawa. Wannan bai ƙara wa hoto kyau ba, amma ya rage zaman jira kafin wasa ya buɗe. Daga ƙarshe aka zaɓi ɗan siririn katin GTX 1050 Ti, wanda ya fito a 2016. Ba ya shan fiye da wat 75, kuma daga ramin da aka soke shi yake samun wutarsa. Da ragowar kuɗin mai gyaran ya matsa masa ya sayi na'urar daidaita wuta, domin wutar da ke hawa da sauka ta fi tsufa kashe kwamfuta.

Hikimar wannan zaɓi ta fito fili bayan ya koma gida. A shekarar ce aka janye tallafin man fetur, kowane sa'a na janareta ya zama abin lissafi. Kwamfuta mai ƙarancin shan wuta ba ta gagari ƙaramin janaretansa ba, kuma da zafin Afrilu ya zo, bai fi ƙarfinta ba. Samari suka dawo. Wasanni mafiya nauyi dai sun fi ƙarfinta har yanzu, tsohuwar furosesarta kuma ba ta cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa. Ya san iyakar kayansa, bai kuwa yi wa kowa alkawarin abin da ba za ta iya ba.

Ɗalibin da ke shirin zama malami zai tarar da irin wannan a aji. Yaron da ya kasa lissafi, wataƙila karatu ne bai iya ba, ko allo ne ba ya gani, ko kuwa bai karya kumallo ba. Wanda ya jibga masa ƙarin darasi kafin ya bincika, ya yi kamar mai sa babban kati a ƙaramin akwati. Sai an san ciwo ake neman magani, maganin kuma a ba shi gwargwadon abin da jiki zai ɗauka.