Ranar da Za a Gwada Ɗanku a Babban Kamfanin Kwamfuta

A ƙasarmu ta Bici gona tana manne da gona, har ba sauran fili da uba zai yanka wa kowane ɗa. Saboda haka iyaye da yawa sun sa zuciya ga karatu. Waɗansu sun sayar da gyaɗa da gero, waɗansu har da ɗan sa, domin su saya wa yaro kwamfuta. Cikin yaran da suka bi ta hannunmu, maza da mata, akwai masu koyon rubuta manhaja a Jami'ar Bayero ta Kano da jami'ar Wudil, watau tsara umarnin da kwamfuta take bi. Burinsu su sami aiki a Google, ko Microsoft, ko Amazon. Mu malamai muna ganin ya kamata iyaye su san irin ƙofar da yaro zai bi, gama akwai abin da sai a gida za a koya masa.

Ga yadda abin yakan tafi. In takardarsa ta karɓu, ma'aikacin kamfani zai kira shi ta waya, ya ji abin da ya karanta da ayyukan da ya taɓa yi. Daga nan sai gwaji na minti 45 ko awa guda ta intanet. Injiniya zai ba shi matsala, yana kuwa kallon kowane layi da yake rubutawa. In ya haye wannan, sai babbar rana: ganawa 4 ko 5, kowace da mutum dabam. A Google masu ganawar sukan rubuta rahoto, wani kwamiti da bai taɓa ganin yaron ba ya duba. A Amazon kuwa akan sa mutum guda daga wani sashe, wanda in bai yarda ba, ba a ɗauka. Kafin a gama duka, makonni sukan wuce, wani lokaci watanni.

Wace irin tambaya ake yi? A dā akan yi masu kama da kacici-kacici, amma a 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya ce waɗannan ɓata lokaci ne. Abin da ake so shi ne dabara. A ce ga littafin sunaye miliyan 1, an jera su daga A zuwa Z, nemo suna guda. Mai bi ɗaya-ɗaya zai samu, amma zai iya duba miliyan. Mai dabara zai buɗe tsakiya, ya ga ko sunan yana gaba ko baya, ya yar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Sau 20 ya ishe shi. Za a ce ya rubuta wannan da Python ko Java, ya kuma faɗi dalilin da hanyarsa ta fi sauri. Wanda ya daɗe cikin aikin kuma akan ce ya zana yadda zai gina abu kamar WhatsApp, wanda ba zai faɗi ba ko mutane sun yi masa yawa.

To, ya ku iyaye, ga inda maganar ta shafe mu. Mun reni 'ya'yanmu su sunkuyar da kai gaban babba, kada su yi masa tambaya, kada su ce ya yi kuskure. Ladabi abu ne mai kyau, ba kuwa mu ce a bar shi ba. Amma a ɗakin nan shiru yana kama da rashin sani. Mai gwaji yana so ya ji tunanin yaro tun yana kan hanya. Sau da dama da gangan yakan rage wani abu cikin tambayar, domin ya ga ko yaro zai ce, "Ban gane nan ba, a ƙara mini bayani." Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma ganawar hali. Amazon tana da ƙa'idodin shugabanci 16, a kansu take gina tambayoyinta. Za a ce, "Ba mu labarin ranar da ka saɓa da abokin aiki, yaya kuka ƙare?" Yaranmu don kunya sukan ce "muka yi, muka gyara," alhali kuwa hannun yaron kansa ake nema cikin aikin. Faɗin gaskiyar abin da mutum ya yi ba fahariya ba ne.

Wannan ba sai da kuɗi ba. Bayan tuwon dare, uwa ta ce wa ɗanta ko 'yarta, "Gaya mini abin da ka koya yau, yadda zan gane." In ya iya fahimtar da wadda ba ta taɓa kwamfuta ba, ya yi rabin shiri. In ya tambaye mu "don me?" cikin ladabi, kada mu kwaɓe shi. Ranar gwaji kuma a tanadar masa wuta da layin intanet mai ƙarfi, a kau da ƙannensa daga ɗakin. Mu gargaɗe shi kada ya ɓoye na'ura mai ba da amsa a gefe, gama tambaya ta biyu za ta tona shi. Mu sani kuma kamfanonin nan ba su karɓar ko kwabo kafin ganawa. Mai neman kuɗi ɗan damfara ne.

In ya faɗi fa? Ƙofar ƙunci gare ta. A Janairu 2023 Google ta sallami ma'aikata 12,000, Microsoft kuwa 10,000. Cibiyar injiniyoyi da Microsoft ta buɗe a Legas a 2019 an rufe ta a 2024. Gwanaye ma sukan faɗi, yawanci kuwa akan bar mutum ya sake nema bayan wata 6 ko shekara guda. Kada mu yi masa gorin san da aka sayar. Mu zauna da shi mu ji tambayar da ta kā da shi, mu bar shi ya warware mana ita da bakinsa. Shirin zuwa na biyu ya soma ke nan.