Kitse a Ƙirjin Ƙanenmu

Mu nan Illela, in mutum ya yi wata biyu yana tari, kowa yakan ce tarin fuka ne. Haka muka ce da ƙanenmu, mai jigilar kaya a babur tsakanin nan da Birnin Ƙonni. Muka ware masa kwano da moɗa, muka hana yara shiga ɗakinsa. Har yau in mun tuna, kunya takan kama mu.

Sau biyu aka auna kakinsa, ba a ga ƙwayar cutar ba. Ba ya zazzaɓi, bai rame ba, sai dai in ya ɗaga buhu numfashi ya gagare shi. Wani maƙwabci ya ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Muka ƙi, ba don wayonmu ba, tsoron jini ne kawai.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hoton ƙirji ya nuna wata inuwa kusa da zuciya. Likita ya ce a ƙara da hoton siti sikan, mai nuna cikin jiki yanka-yanka. A Ingila aka fara gwada shi a kan majiyyaci a 1971, kitse kuwa ba ya ɓuya a cikinsa.

"Malam, ƙari ne, amma na kitse," in ji likitan. Ya ce irin kullutun nan ne mai laushi da akan gani a kafaɗa ko a baya, ba zafi, in an taɓa ya motsa. Ba kasafai yake fitowa cikin ƙirji ba. Can yakan girma a hankali shekara da shekaru har ya danne huhu. Maganin sha ba ya narkar da shi, sai fiɗa. Bayan an cire kuma dole a auna shi, gama akwai wani mugun iri, na daji, mai kama da shi.

Muka sayar da raguna biyu, 'yan'uwa suka cika sauran. Jiran sakamakon awon ya fi mana ranar fiɗar wuya. Da ya fito, ba mugun ba ne.

Daren da muka dawo gida aka kawo tuwo a kwano ɗaya. Ya dube mu ya ce, "Yaya, ina kwanona?" Ba wanda ya iya amsa masa.