Giranada: Inda Hannu ke Koyon Sauraron Katako

Duk baƙon da ya je Giranada, a kudancin Sifaniya, fadar Alhamra ce ke kai shi, wadda sarakunan Banu Nasr suka zauna a cikinta kafin garin ya fita daga hannun Musulmi a 1492. Ni ma ita ta kai ni. Amma hanyar da ta tashi daga dandalin Plaza Nueva ta hau zuwa fadar, wadda ake kira Cuesta de Gomérez, ita ta riƙe mini ƙafa. Siririn titi ne mai hawa, a jikinsa akwai shagunan masassaƙan jita, wasunsu gadon sana'ar suka yi. Ɗaya daga cikinsu shi ne gidan Ferrer, wanda aka kafa a 1875.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙarancin kayan aiki. Na zaci injuna zan tarar suna ruri. Sai ga teburi, da ƙananan zartuna, da cizal iri-iri, da wuƙa, da ƙarfen kankare katako, da tukunyar gam a kan wuta, da damin igiya. A wani shago da ke can cikin unguwa na sami masu koyo, kuma ba 'ya'yan gidan ba ne. Mutane ne da suka zo daga wasu ƙasashe don sha'awa kawai, wasu ma sun yi ritaya, kowa yana son ya haɗa jita guda da hannunsa. Aikin farko da maigidan ya ba su shi ne washi. Sai cizal ya iya aske gashin hannu ake barin mutum ya kusanci katako, domin dakusasshen ƙarfe yaga yake yi, kuma shi ne ke zamewa ya yanki mai shi. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai. Ba a wulaƙanta sabon shiga ba, ba a kuma yi masa sassauci ba.

Ran jita yana fuskarta, wato allon nan mai rami da ke ƙarƙashin tsirkiya. Matsayinsa shi ne matsayin fatar da ke kan ƙoƙon gurmi: shi ke karɓar rawar tsirkiya ya mayar da ita amo. Da katako marar nauyi ake yin sa, sifurus na duwatsun Turai ko jan sida na Kanada. Ana tsaga gunduma guda gida biyu, a buɗe, a manne gefe da gefe don jijiyoyin ɓangarorin su dace, sannan a yi ta kankarewa har kaurin ya dawo tsakanin milimita 2 da 2.5. A nan ne awo ke ƙarewa, kunne ya karɓa. Na ga maigidan ya riƙe allon da yatsu biyu kusa da kunnensa yana ƙwanƙwasawa, ya ɗan lanƙwasa shi ya ji taurinsa, ya miƙa wa mai koyo ya ce shi ma ya ji. Babu alluna biyu da suke ɗaya, ko da daga itace guda suka fito, shi ya sa lamba kaɗai ba ta isa.

Wannan fahimta tana da uba, Antonio de Torres, mutumin Almeriya, wanda aka haifa a 1817 ya rasu a 1892. Shi ya faɗaɗa jikin jita zuwa siffar da aka sani yau, ya kuma daidaita yadda ake manna siraran sanduna bakwai a bayan fuskar, suna bajewa daga ƙasan ramin, don allo siriri ya iya ɗaukar jan tsirkiya shida ba tare da ya lotsa ba. A 1862 ya haɗa wata jita da bayanta da gefunanta duk na kwali ne, fuskar kaɗai katako, kuma ana ɗaukar ta a matsayin hujjarsa cewa a fuska amo yake. Tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Har yau tsarinsa ake fara ɗora mai koyo a kai.

A kife ake haɗa jita irin ta Sifaniya, a kan wani faffaɗan allo mai ɗan zurfi da suke kira solera. A ɗora fuska, a manna mata wuya, sannan a zura gefunan cikin tsagar da aka yi a gindin wuyan. Lanƙwasa gefunan shi ne inda zuciyar mai koyo ke bugawa: za a ɗan jiƙa katako mai kaurin kusan milimita 2, a riƙa goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi har ya yi laushi ya bi siffar ƙugu. In ka yi gaggawa ya karye, in ka daɗe ya ƙone. Saboda haka da ragowar katako ake fara gwaji. Da igiya kuma ake ɗaure jikin a zagaye shi tamau har gam ya kama. Gam ɗin na fatar dabba ne, da ɗumi ake shafa shi, kuma alherinsa shi ne zafi da danshi suna sake kwance shi, don haka jitar da aka haɗa yau tana gyaruwa bayan shekara ɗari.

Jitar kiɗan filamenko da farin katakon saifires ake yi mata baya da gefe, itacen da ya cika lambunan Alhamra. Baƙin allon da yatsu ke dannawa kuwa na eboni ne, ɗan uwan kanyarmu, kuma mai yawa daga cikinsa daga dazukan Kamaru yake fitowa. Na ji daɗin ganin itacen Afirka a wannan matsayi, ko da yake na so a ce a can gida ake sarrafa shi. Suna kuma lura da danshin shago, ba sa son ya yi nisa da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari lokacin manne katako. Duk wanda ya ga yadda hunturu ke tsaga ƙyaure a Kano ko Damagaram ya san dalili. Mai son gwada wannan aiki a wajenmu, da rani ya kamata ya haɗa, ba da damina ba.

Lissafi ma yana da gurbinsa. Tsawon tsirkiya milimita 650 ne. A raba shi da 17.817, a sami wurin na farko cikin ƙarafan da ke gicciye a wuya. A sake raba abin da ya rage, a sami na biyu, har a zo na 12, wanda ke faɗawa daidai tsakiya, a 325. Kuskure kaɗan a nan, kunne zai kama shi.

Zoben adon da ke kewaye da ramin kuwa, da ƙananan guntayen katako masu launi ake tsara shi, kuma idon da ya ga aikin taracea, sana'ar ƙawata akwatuna da garin ya gada daga zamanin Musulmi, ba zai rasa ganin kama ba. Daga ƙarshe sai shafe. Shalak suke amfani da shi, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, a narka shi a sifirit, a riƙa shafawa da ƙullin tsumma ana zagayawa, shafi kan shafi, makonni ana yi. Sun zaɓe shi ne don ba ya yi wa fuskar nauyi. Masu koyo da yawa a gida suke ƙarasa wannan aiki, kuma na ga wani daga cikinsu, jitarsa ta farko ba ta ma sami tsirkiya ba, yana cinikin allon da zai yi ta biyu da shi.