Daga Dutsen Habude Zuwa Kasuwar Sara: Yadda Muka Saita Kyamarar Aro

Mu bakwai ne 'yan ƙungiyar ɗaukar hoto ta makarantarmu, kyamara kuma guda ɗaya tal, ita ma aro ce daga yayan ɗayanmu. 'Yar ƙarama ce mai shiga aljihu, idonta a manne yake, ba a cire shi kuma ba ya jawo abu kusa. In kana son abu ya matso, kai za ka taka ka je. Batirinta ɗaya ne. An ba mu kwana biyu mu kawo hotuna goma da za a liƙa a allon bangon makaranta, aka ce kuma in muka dawo hannu rabbana, ba za a sake ba ƙungiyar kuɗin mota ba.

Da hantsi muka sauka Birnin Kudu, muka nufi Dutsen Habude, ɗaya daga cikin duwatsun garin masu ɗauke da zanen mutanen dā, tare da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Mutanen gari sun daɗe da sanin wuraren, amma a shekarun 1950 ne labarinsu ya fita duniya, lokacin da Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya yi rubutu a kan zanen da kuma duwatsun nan da ke ƙara kamar ƙararrawa in an buga su. Yau suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Zanen yana cikin inuwa, a ƙarƙashin dutsen da ya rufo kamar rumfa. Sai idonka ya huta daga rana kafin ka fara ganin shanu, wasu da dogon ƙaho, wasu da gajere, an zana su da jan launi da ya dusashe. Muka bar kyamara a kan oto, muka yi ta dannawa ana ta murna.

Da muka zauna duba abin da muka ɗauka, sai jiki ya yi sanyi. Filasha ta yi ta tashi da kanta, ta wanke dutsen fari fat, shanun suka ɓace. Inda hasken waje ya shigo ta gefe, kyamara ta auna shi ta bar zanen cikin duhu. Jan launin a wani hoto ya koma ruwan goro, a wani ya koma toka-toka. Kwanan watan da ke jikin hotunan ma na shekarun baya ne. Batir kuwa ya ci rabi.

Malaminmu ya karɓa ya duba, ya ce, “Ku kuka bar ta ta yi muku tunani. Ita ba ta san abin da kuka zo nema ba.” Muka ce, “To Malam, yanzu ya za mu yi?” Ya ce mu koma gindin bishiya mu buɗe jerin zaɓin da ke cikinta, shafi bayan shafi.

Muka fara da abin da kowa ke rainawa. Muka gyara kwanan wata da agogo, domin hoton tarihi da ba a san ranar ɗaukarsa ba ya rasa rabin amfaninsa. Muka zaɓi girman hoto mafi girma saboda za a wanke shi a takarda. Muka kashe ƙarar maɓalli da hanyar haɗa ta da waya, muka rage hasken allo, muka sa ta riƙa kashe kanta bayan minti ɗaya don a tsimi batir.

Sai babban aikin. A kan 'yar ƙafar da ake juyawa a samanta akwai C1 da C2, wato ma'aji biyu da ake adana saiti a kira shi da juyi ɗaya. C1 muka ware wa inuwar dutse. Muka kashe filasha gaba ɗaya. Muka ɗaga ISO zuwa 400 don ta ƙara jin haske, ba mu wuce nan ba domin in ya yi yawa hoto yakan yi yashi-yashi. Muka buɗe ƙofar ido zuwa f/4. Muka cire daidaita launi daga oto, muka nuna mata farar takarda daga littafinmu a cikin inuwar, ta ɗauke ta a matsayin fari, ja ya tsaya ja a kowane hoto. Muka sa ta auna haske daga ɗigon tsakiya kaɗai, inda zanen yake. A ƙarshe muka sa jinkirin daƙiƙa 2 bayan an danna, muka ɗora ta a kan jaka, don kada rawar hannu ta ɓata hoton.

Da muka sake gwadawa, sai ga saniya ta fito sarai, ƙaho da ƙafafu da wutsiya. A nan ne ƙaramar cikinmu ta lura da abin da ya wuce mu duka: “Kai, ba su da tozo!” Haka ne. Shanun da aka zana marasa tozo ne, ba irin waɗanda muka saba gani a yau ba. Ba mu taɓa zanen ba, ba mu yayyafa masa ruwa don ya fito ba, domin hannu da ruwa suna cin launin, kuma ba wanda zai sake zana shi.

Washegari muka kama hanyar Gwaram, ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da Jihar Bauchi, muka yi sa'a ranar kasuwar Sara ce. Nan matsalar ta juye: rana tsaka, fararen riguna, kowa na tafiya. Tun a mota muka shirya C2. ISO ya sauko 100, saurin ɗauka ya hau 1/500 don mai tafiya kada ya yi dishi-dishi, ƙofar ido f/8. Muka ƙara haske da +0.7, saboda farar riga takan ruɗi kyamara ta rage haske har fuska ta nutse cikin duhu. Muka kunna gane fuska.

Akwai abin da ba ya cikin jerin zaɓin. Wani dattijo mai sayar da igiya ya ga mun ɗaga kyamara, ya haɗe rai. Muka sauke, muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, “Baba, 'yan makaranta ne mu, ko za ka yarda mu ɗauke ka?” Ya gyara hula ya ce, “Yanzu kuka yi magana. Ku ɗauka, amma ku nuna mini.” Wata mai fura kuwa ta ce a'a, muka wuce.

A bakin kasuwa muka ci karo da garken fararen shanu, kowace da tozonta tana rangaji. Ɗauka ɗaya muka yi, batir ya mutu a ta biyu. Hoton nan yanzu yana kan allon makaranta, kafaɗa da kafaɗa da saniyar Habude, kowanne da kwanan watansa a ƙasa. 'Yan aji ɗaya sukan tsaya gabansu suna gardamar ina tozon ya tafi, Malam kuma ya ce a bar su, zango mai zuwa su za su riƙe kyamarar.