Kalmar Da Ta Ba Mu Kunya

'Yan'uwa, akwai wata ƙaramar kalma ta Turanci wadda ta ba mu kunya gaban yara. Ga labarinta, don kada ku faɗa ramin da muka faɗa. Kalmar ita ce *litter*.

Ran nan aka aike mu koyon aikin malanta. Muna cikin karatu da yara, sai muka iske jimla mai cewa daɓen wani ɗaki *was littered with papers*. Wani yaro ya miƙe, ya ce, "Malam, ina ma'anarta?" Mu kuwa ba mu sani ba, amma girman kai ya hana mu faɗi. Da muka ga an ambaci takardu, sai muka ce ai 'yar'uwar *letter* ce, watau wasiƙa. Yara duka suka rubuta haka cikin littattafansu.

Da dare muka buɗe ƙamus, sai gabanmu ya faɗi. Ashe asalinta daga Latin ne, inda *lectus* ke nufin gado. Ta biyo ta Faransanci, ta shiga Turanci bayan da Normawa suka ci Ingila cikin 1066. Daga gado ta koma busasshiyar ciyawa da a kan shimfiɗa wa doki a barga. To, da ya ke ciyawan nan barbaza ta a kan yi, sai wajen ƙarni na 18 kalmar ta zama ma'anarta a warwatsa tarkace ko'ina.

Ku lura, ba kowace ƙazanta ta ke nufi ba. In tawada ta zube a riga, ba a faɗinta. Amma in mutum ya ci gyaɗa ya zubar da ɓawo bisa hanya, ko ya bar takardu barkatai a ɗaki, to, nan ne wurinta. A Ingila har doka aka kafa cikin 1958, mai cin tarar wanda ya yi haka a wurin jama'a.

Kashegari muka koma, muka ce wa yara mun yi kuskure, kowa ya soke abin da ya rubuta. Waɗansu suka yi dariya, muka haƙura. A makarantar allo, in almajiri ya rubuta ba daidai ba, a kan wanke allon nan da nan, gama in ya riga ya haddace, gyara sai da wahala. Tun daga ran nan, in aka tambaye mu abin da ba mu sani ba, sai mu ce, "Bari mu duba tukuna."

Allah ya sa mu dace, amin.