Bindigar Da Ba Ta Shurin Mai Ita

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwana masu karatu abin da ya dame ni, ko Allah ya sa ya amfani wani.

Mahaifina maharbi ne tun ba a haife ni ba. A dajin da ke kewaye da Kakau, kudu da kogin Kaduna, ya yi shekaru yana harbin gada da mazo da bindigar toka. Al'adar maharbanmu kuwa ita ce a ɗura albarushi da yawa, wai ƙarar bindiga ita ce shaidar namiji. To, yanzu tsufa ya zo, kafaɗarsa ta dama ta gaji. Wata rana da rani na bi shi daji, na ga abin tausayi. Kafin ya ja kunama sai ya runtse ido, ya noƙe kafaɗa, don tsoron shurin bindiga. Harsashi ya sami gadar a cinya, ta faɗa kurmi tana jan ƙafa. Muka bi jini har magariba, ba mu same ta ba. Ba nama, sai alhakin dabba. Har muka iso gida bai ce mini uffan ba.

A daren nan na ɗauki takarda, na koma kan lissafin da aka koya mana a makarantar Mishan. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon nauyin harsashi da saurinsa, gwargwadon yadda bindiga ke komawa baya. Bindiga mai nauyi kuwa a hankali take komawa. Watau maganin shuri biyu ne: a rage harsashi, ko a ƙara wa bindiga nauyi. Ga misali. Harsashin .303 da sojan Ingila suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da shi ya ɗara giram 11, yana tafiyar wajen mita 740 a sakan. Amma .243 Winchester, wanda aka fitar a Amurka a 1955, giram 6 da rabi ne, yana tafiyar wajen mita 900. In ka ninka nauyi da sauri, sai ka ga turin na biyu kamar kashi 7 ne cikin 10 na na farko. Gada kuwa da wuya ta wuce kilo 25. Ina amfanin harsashin yaƙi a kanta?

Saboda haka na tsara masa bindiga a takarda: nauyinta wajen kilo 4, harsashinta ƙarami, ƙotarta a sassaƙa daidai tsawon hannunsa, kana a sa roba mai kauri inda take taɓa kafaɗa. Amma ba zan kai wa wani maƙeri a ɓoye ba, gama Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba tare da izini ba, har da ta toka. Shirin yana nan cikin akwatina, sai an bi ta hanyar hukuma.

Da na nuna masa takardar, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, ka mai da farauta aikin ofis." Na ce, "Baba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ni gudun nawa da alƙalami ne." Ya yi shiru. Bayan kwana biyu na tarar ya datse ƙahon da yake awon albarushi da shi, bai gaya wa kowa ba.

Jama'a, musamman malaman makaranta da ke ƙauyuka, ku riƙa nuna wa maharba cewa saiti ke kada nama, ƙara ba ta kada shi. Yawan albarushi shi ke ɓata kafaɗa, ya fasa bindiga, ya bar dabba da rauni ta mutu a banza.

Allah ya sa mu gane, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kakau.