Bazarar da Ba Mu Kai Taki Gona Ba



A Kuki, da zarar hunturu ya janye zafi ya kankama, kowane gida ya san aikin da ke gabansa. A share gona, a ƙone sauran kara, a kai taki a amalanke ko a bayan jaki, a kai fartanya wajen maƙeri, sannan a zuba wa gabas ido. Bana gidanmu ko mangala ɗaya bai fitar ba. Tashi za mu yi. Ibadan muka nufa, wajen Yaya, wanda ya daɗe yana sayar da hatsi a kasuwar Bodija.

Ba sai mun tsawaita kan dalili ba. Duk wanda ya san Dutsin-Ma da Kurfi da Safana ya san abin da ya hana mutane gonakinsu na nesa. Tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu saboda 'yan bindiga, Yaya ke cewa mu taho. Baba ya ce sai an ga kaka. Aka ga kaka, aka sake ganin wata. Gonarmu ta bakin daji, wadda ita ce ke cika rumbu, damina biyu ba a taka ta ba. Bana Baba da kansa ya ce a nemi mota.

A littattafanmu layi ɗaya muke ba wannan al'amari: suka tattara kayansu suka bar gari. Mu yau wata na uku ke nan muna cikin wannan layin, kuma ba mu kai aya ba.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda rana ba ta san muna tashi ba. Da asuba sai an bi layin burtsatse da jarkoki. Da hantsi ɗakin kwano ya zama tanda, kowa ya koma gindin darbejiya. Inna tana dama fura kamar kullum, sai dai a ƙwarya ɗaya, don sauran an jera su cikin juna an ɗaure. Da dare a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ana fifita da faifai, ana lissafi: katifa nawa, buhu nawa, wa ke bin mu bashi, wa muke bi. Ƙannenmu kuwa mangwaro ne a gabansu, ba ruwansu.

Kuɗin mota shi ke yanke hukunci a kan kowane kaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babu direban da ke ɗaukar buhu don Allah. Hanyar ma ba kusa ba ce: a gangara Funtuwa, a ƙetare kogin Kwara a Jebba, a wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo kafin a ga Ibadan. Saboda haka komai sai an tambaye shi, ka kai kuɗin ɗaukarka? Gadon ƙarfe bai kai ba, an sayar. Randa ba ta kai ba, kuma ko ta kai ba za ta isa da rai ba. Goggo ta aiko an ɗauke mata. Awaki huɗu sun tafi kasuwa a farashin da dillali ya ga dama, don duk gari an san mai tashi ba ya jan ciniki. Takardunmu na difloma da littattafai sun shiga leda biyu a ƙasan akwati, ba wanda ya yi musu a kansu.

Inna ba ta yarda da wannan lissafin ba, kuma muna ganin tana da gaskiyarta. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kalkashi, duk ta ƙulle. Yaya ya bugo waya ya ce, "Inna, duk akwai su a Sabo, Hausawa sun fi shekara ɗari a nan." Ta ce, "Akwai su, amma ba ni na daka ba." Adashinta ma ta ƙi fita, ta ce sai kowa ya kwasa, kada a ce ta ɗauki nata ta gudu. Wannan kaɗai ya ƙara mana mako uku.

Maganar gona ce ta fi cin dare. Masu saye sun zo, suna taya ta kamar kufai. An kawo shawarar jingina, Baba ya ce gonar da aka jinginar daga nesa ba ta cika dawowa ba. A ƙarshe aka kira mai unguwa da shaidu biyu, aka ba Kawu aro, aka rubuta a takarda, aka zagaya iyaka daga kukar gabas zuwa kwari. Wasu cikinmu sun so a sayar a ƙara jari, tunda haya za mu kama a can. Baba bai yi gardama ba. Ya ce kawai, wanda ya sayar ya tashi, wanda ya ba da aro tafiya ya yi. Mun kuma san Kudu ba aljanna ba ce. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 yana cikin ran kowa, ko ba a furta ba.

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo, iska ta kwashe shanya, aka yi yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba. Washegari Kawu ya zo karɓar iri. Inna ta buɗe tukunyar da ta rufe da toka tun kaka, ta auna masa gero da wake, ta rage tiya ɗaya ta gero ta cusa cikin kayanta. A gidan hayan da Yaya ya kama, siminti ne har bakin ƙofa. Babu wanda ya tuna mata.

Direba ya ce ranar Asabar ta sama, in lodinsa ya cika. Har yanzu ba a daidaita kan turmi ba. Yana so a biya masa kuɗin buhu guda.